Ragin Itatuwa da Kasuwar Ƙaramin Itace: Darasin Tarihi Daga Kano da Maraɗi Domin Ƙasar Zuru

Gabatarwa

Wanda duk ya tsaya a bakin hanya a Rikoto, ɗaya daga cikin unguwannin garin Zuru, ya lura da kayan dajin da ake shigowa da su gari, zai ga iri biyu ne. Na farko dammunan itacen girki ne da kirare da gofofi da sandunan rumfa, waɗanda akan ɗauko a ka, ko a kan babur, daga gonaki da saurukan da ke kusa. Na biyu kuwa buhunan gawayi ne, waɗanda mota kan kwasa ta yi nisa da su. A idon mai wucewa duk itace ne. Amma a wajen daji bambancinsu mai girma ne, domin na farko ana iya samunsa ba tare da an kashe bishiya ba, na biyu kuwa yawanci sai an kayar da babbar ƙirya ko kaɗanya ko marke.

Wannan lacca tana bin tarihin iri na farko ne, watau ƙaramin itace, da kuma aikin da ke samar da shi, wanda masana gandun daji suke ɗauka ginshiƙin renon daji. Abin da tarihin shekara ɗari da 'yan kai ya nuna shi ne, wannan aiki bai taɓa ɗorewa a ƙasar Hausa ba sai inda abu biyu suka haɗu: ga mai sayen ƙaramin itacen a kusa, ga shi kuma wanda ya yi wahalar saran shi ne mai itacen. Inda aka rasa ɗaya daga cikinsu, doka da tara da kuɗin taimako ba su tsinana kome ba.

Ma'anar Ragi da Lissafinsa

Kowane manomin gero ya san ragi. Yakan zuba iri da yawa a rami ɗaya, sa'an nan a lokacin noman firi ya cire waɗansu ya bar biyu ko uku, don kada su cunkushe su kasa yin zangarniya. Haka abin yake ga itatuwa. Idan aka dasa su da tazarar mita biyu da rabi ta kowane gefe, kadada ɗaya za ta ɗauki 1,600. An cusa su haka ne da gangan, don su yi rige-rigen neman rana su miƙe sambal, su kuma danne ciyawa. To, amma waɗanda za su kai girman katako ba su wuce 'yan ɗaruruwa kaɗan ba. Sauran tilas a riƙa fitar da su daki-daki, raunana da karkatattu tukuna, don ruwa da haske su wadaci na ƙwarai. Wannan shi ne ragin itatuwa.

Wuyar ragi a wajen lissafi take. Ladan ma'aikaci yau ake biya, amfanin kuwa sai bayan shekara ashirin ko talatin. Wani ma'aikacin daji na Jamus, Martin Faustmann, ya fitar da ƙa'idar lissafin wannan jira a shekarar 1849, kuma abin da ta ƙunsa shi ne kuɗin da za a samu nan da shekaru masu yawa bai kai darajar wanda ke hannu yau ba. Saboda haka mai daji ba ya son kashe kuɗi a kan ragi sai idan abin da aka sare zai biya ladan saransa.

Nan kuma wata wuyar ta ɓullo. Ƙaramin itace yana da nauyi da cika wuri, ba shi da tsada, kuma ɗanyensa kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Tun a shekarar 1826 wani Bajamushe, Johann von Thünen, da yake tsara yadda ya kamata sana'o'in karkara su jeru kewaye da birni, ya ajiye dajin itacen wuta dab da gari, gaba da gonakin hatsi, sabili da kuɗin dako yana cinye ribarsa tun bai yi nisa ba. Mai jakin da ke kai itace Birnin Kano ya san wannan ba tare da ya ji sunan Bajamushen ba.

Zamanin Turawa da Gandun Daji

Kafin zuwan Turawa, manoman ƙasar Hausa suna da nasu tsarin. Lokacin da Heinrich Barth ya iso Kano a shekarar 1851, ya ratso gonaki ne masu ɗauke da manyan itatuwa jefi-jefi. Ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka da gawo ba a kan sare su a wajen sassabe. Akan datse rassansu, a bar gindin. Itacen girki yakan fito daga rassan nan, da tohon sabara da kalgo a saura, da karan dawa. Maƙera su ne manyan masu neman gawayi, kuma na ƙirya suka fi so.

Ilmin gandun daji na Turawa ya biyo wata hanya dabam kafin ya iso. Daga Jamus ya tafi Bama da Indiya ta hannun Dietrich Brandis, wanda ya zama shugaban dazuzzukan Indiya a 1864. Daga can ne aka kawo H. N. Thompson ya shugabanci aikin daji a Kudancin Nijeriya a 1903. Bayan haɗa Kudu da Arewa a 1914, aka kafa dokar daji ta 1916, aka sake ta a 1937. A Arewa yawancin gandayen dajin a hannun En'e suke, da malaman daji masu ba da takardar izni da kama mai laifi. An yi burin keɓe kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar, amma abin da aka samu bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma ba.

Tsoron hamada ya ƙara wa wannan manufa ƙarfi. A 1935 E. P. Stebbing ya yi shelar cewa Sahara tana gangarowa Arewacin Nijeriya. Kwamitin haɗin gwiwa na Ingila da Faransa da ya bi kan iyaka a 1936 da 1937 bai tarar da hujjar haka ba, amma maganar ta riga ta zauna a ofisoshi. Dogon yaro, wanda aka kawo Barno a 1928, ya zama icen da ake dasawa a gefen garuruwan Arewa don itacen wuta da sandunan gini. A ɓangaren Faransa kuwa, dokar 4 ga Yuli 1935 ta ba gwamnati iko a kan dazuzzuka, ta kuma hana taɓa waɗansu itatuwa sai da izni.

Dokokin nan sun kare waɗansu dazuzzuka, ba shakka. Amma sun raba manomi da bishiya. Tun da icen da ya tsiro a gona yana iya jawo tara ranar da aka datsi reshensa, sai ya zamana dabarar mai gona ita ce ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, kafin malamin daji ya gan shi. Dokar da aka yi don kare itatuwa ta mayar da tsiro abin gudu.

Dajin da Aka Dasa Don Mai Saye Ɗaya

A dazuzzukan dashe na gwamnati, ragi ya dogara ne ga samun kasuwa. Inda ta samu, aikin ya tafi daidai. Ramukan kwal na Inugu suna bukatar sandunan tokare rufi, don haka aka dasa malaina da icen tik a kewayen garin, ƙananan da aka rage kuwa suna da mai saye a bakin rami. Daga baya turakun wayar lantarki suka zama wata kasuwa. Haka ya faru a Ingila, inda aka kafa hukumar daji a 1919 bayan ƙarancin katako na Yaƙin Duniya na Farko, ramukan kwal suka daɗe suna shanye abin da aka rage.

Bayan samun mulkin kai, Nijeriya ta ɗora fatanta a kan takarda. Masana'antar Jabba ta fara aiki a 1969, ta Oku Iboku mai takardar jarida ta biyo baya a shekarun 1980, aka kuma gina ta Iwopin. Domin ciyar da Iwopin aka dasa dubban kadadun malaina a gandayen Omo da Oluwa da rancen Bankin Duniya. Masana'antar ba ta taɓa yin cikakken aiki ba, kuma kafin ƙarshen shekarun 1990 duka ukun sun tsaya. Itatuwan da aka dasa don a sare su suna ƙanana suka rasa mai saye, suka wuce lokacinsu a cunkushe, ba su zama takarda ba, ba su kuma samu sararin yin kaurin katako na ƙwarai ba. Mai saye ɗaya tak, kome girmansa, idan ya faɗi da dajin yake faɗuwa.

Har ila yau, a daidai wannan zamani ne ikon gandayen daji ya bar hannun En'e ya koma ga jihohi da ƙananan hukumomi, musamman bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Ma'aikatun daji suka zama wuraren tara kuɗin shiga ta hanyar sayar da takardar izni, kuɗin reno da ragi kuwa suka yi ƙaranci a kasafi.

Abin da Kano Ta Nuna

Farin 1972 zuwa 1974 da tashin kuɗin man fetur na 1973 sun haifar da wani sabon tsoro a duniya, watau cewa itacen girki zai ƙare. Aka yi hasashen cewa kowane babban birni na yankin Sahel zai cinye itatuwan da ke kewaye da shi, da'ira bayan da'ira, har ya zauna a tsakiyar fako. Kano, mai yawan jama'a a birni da karkara, ita ce aka zaci za ta fara tabbatar da hasashen.

Masana na Jami'ar Bayero, cikinsu har da Michael Mortimore da Reginald Cline-Cole da J. A. Falola, suka bi diddigin al'amarin, Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga sakamakon a 1990. Abin da suka tarar ya saɓa wa hasashe. A gonakin da ke kewaye da Kano, inda kowane taƙi yake da mai shi, yawan itatuwa bai ragu ba. Manoma suna datse rassa suna sayarwa, suna sare busassu, suna renon tsiro a madadinsu. A shekarun 1960 jakuna ne ke shigo da itace daga ƙauyukan kusa. Zuwa shekarun 1980 manyan motoci sun karɓe yawancin cinikin, suna ɗebowa daga dazuzzukan da ke ɗaruruwan kilomita daga birnin. Ɓarnar tana can ne a dajin da ba shi da takamaiman mai shi, inda mai gatari ba ya biyan kome sai ladan sara da kuɗin takarda.

Ke nan kasuwa ɗaya ce ta haifar da sakamako biyu. Inda bishiya take da mai ita, kuɗin itace ya zama dalilin renonta. Inda ta zama ta kowa, kuɗin nan ya zama dalilin rige-rigen kayar da ita.

Maraɗi da Sassabin Zamani

A ƙasar Maraɗi ne ragi ya samu cikakkiyar nasararsa, kuma ba a dajin gwamnati ba. Zuwa farkon shekarun 1980 gonakin yankin sun zama fili fetal. Noman gyaɗa da yawan jama'a da fari sun taru, ga dokar daji ta Nijar ta 1974 wadda ta ci gaba da tsarin Faransa, ta sa gawo da waɗansu itatuwa a ƙarƙashin ma'aikatan daji masu kaki. An kashe kuɗi masu yawa a kan gidajen renon dashe da gandayen ƙauye, amma yawancin abin da aka dasa ya mutu, wanda ya rayu kuwa ba a san mai shi ba.

Wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa 'yan duhuwoyin da ke warwatse a gonaki toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, saiwoyinsu suna nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Kowace shekara manomi yakan sassabe su ƙarƙaf ya ƙone kafin shuka. Shawarar da aka kawo mai sauƙi ce: maimakon a share duka, a zaɓi tsirai mafi ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar a kowane kututture, a sare sauran, a yi wa zaɓaɓɓun aski a ƙasa. Wannan ragi ne tsantsa, sai dai da adda ko gatarin gida ake yinsa, ba ya bukatar iri ko ban ruwa ko shinge. Manoma suka sa masa suna sassabin zamani.

A yunwar 1984, wadda mutanen yankin suke kira El-Buhari saboda rufe kan iyakar Nijeriya da aka yi a shekarar, an raba abinci a ƙauyuka kusan ɗari bisa sharaɗin a bar tsirai a gonaki. Da aka daina rabon abinci, wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sare. Wannan ya nuna iyakar abin da kyauta ke iya yi. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga amfani cikin shekara biyu ko uku: iska ta daina binne shuka, dabbobi sun samu ganye da rani, mata sun rage tafiyar neman itace, kuma kowace shekara ana iya sare tsiro ɗaya daga kututture a sayar, wani ya maye gurbinsa. Matsalar jira da ta dami Faustmann ta warware, domin sabara da kalgo da geza suna biyan mai reno tun kafin gawo ya girma.

Sauran abin da ya rage shi ne mallaka. Tun da farko jami'an daji na yankin sun amince su sassauta wa masu reno. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin na 1990, matsin tattalin arziki da sauyin siyasa sun rage ƙarfin ma'aikatan daji a karkara, manoma suka ɗauki itatuwan gonakinsu a matsayin nasu. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 sun ƙarfafa wannan fahimta. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga, gabas da Maraɗi, an kafa kwamitocin tsaro da suka haɗa manoma da makiyaya da mata don hana saran dare. Da masana irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na da da na baya, sun ƙiyasta a 2009 cewa kimanin kadada miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, galibi a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Babu wani shirin dashe na gwamnati a yankin Sahel da ya kusanci wannan adadi.

Kasuwannin Itace na Karkara

Gona tana da mai ita. Dajin da ke bayan gonaki fa? Nijar ta jarraba amsa wannan tambaya ita ma. A shekarun 1980, a gandun Geselbodi kusa da Yamai, an raba daji yanki-yanki, ana sarar kowane yanki bi da bi a bar shi ya toho, ƙungiyar mazauna kewaye ita ke sayar da itacen. Daga wannan gwaji, da taimakon Bankin Duniya da ƙasar Danmak, aka fitar da dokar watan Agusta 1992 wadda ta kafa kasuwannin itace na karkara.

Tsarin dokar abin nazari ne ga duk ma'aikacin gwamnati. An shata wa ƙauye dajinsa, an ƙayyade masa adadin da zai sara a shekara. Mutanen ƙauyen ne kaɗai ke sara, su jera itacen a kasuwarsu a bakin hanya, a auna shi da ma'aunin mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi. Mai mota daga birni saye yake yi, ba shi da ikon shiga daji da 'yan ƙwadagonsa. Haraji kuma aka bambanta shi: mai sauƙi ne a kan itacen da ya fito daga dajin da ake renonsa, mai nauyi a kan wanda aka saro a dajin da ba shi da tsari, yana kuma raguwa gwargwadon nisan kasuwa daga birni, don a rage wa dazuzzukan kusa nauyi. A ƙauye ake karɓar harajin, a bar wa ƙauyen kasonsa don aikin daji da bukatun jama'a, saura ya tafi ga ƙaramar hukuma da baitulmali. Dajin Baban Rafi, kudu da Maraɗi dab da iyakar Nijeriya, yana cikin wuraren da aka kafa irin waɗannan kasuwanni don ciyar da garin Maraɗi.

Kuɗin da a da ke ƙarewa a hannun fataken birni ya soma tsayawa a ƙauye, an gyara rijiyoyi da azuzuwa da shi. Amma tsarin ya gamu da cikas. Shingayen bincike a ƙofofin birni ba su hana itacen da bai biya haraji shiga ba, sai ya karya farashin wanda ya biya. A waɗansu kasuwanni an zarce adadin da aka ƙayyade, a waɗansu 'yan tsiraru sun mamaye kwamiti, makiyaya kuma ba kullum ake jin muryarsu ba. Da ayyukan taimako suka ƙare, sa ido ya yi rauni. A shekarun baya-bayan nan rashin tsaro a kan iyaka ya ƙara dagula aiki a Baban Rafi. Duk da haka, gwajin ya tabbatar da cewa haraji yana iya zama linzamin juya kasuwa, idan aka sa shi ya bambanta mai reno da mai wawaso.

Abin da Ya Shafi Ƙasar Zuru

Ƙasar Zuru, da gundumominta na asali guda biyar, Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, tana cikin Lardin Neja har zuwa 1976 da aka haɗa ta da Jihar Sakkwato, sa'an nan ta shiga Jihar Kabi a 1991. Ta fi arewacin jihar samun ruwan sama nesa ba kusa ba, don haka ta fi shi itatuwa: kaɗanya da ɗorawa da maje da taura da marke da ƙirya. Wannan arziki shi ne kuma hatsarinta. Matsayinta a yau ya yi kama da na dazuzzukan nesa da motocin Kano suka koma wa a shekarun 1980.

Lissafin dako ya bayyana dalili. Damin ƙaramin itace ba ya jure tafiya mai nisa, gawayi kuwa yana jurewa, domin ba shi da ruwa kuma zafinsa ya kusa ninka na itace idan aka auna nauyi da nauyi. Amma a ramin ƙuna na gargajiya kilo ɗaya na gawayi yakan ci itace kilo biyar zuwa goma, kuma masu saye sun fi son na itace mai tauri. Saboda haka kasuwar nesa tana zaɓen manya ta bar ƙanana, akasin ragi wanda ke cire ƙanana don manya su samu sarari. Janye tallafin kananzir a 2016, da tsadar iskar gas ta girki da ta biyo baya, sun mayar da gidaje da yawa na birane ga gawayi. Kaɗanyar da aka ƙone ta ba da kuɗi sau ɗaya, alhali wadda aka bari takan ba mata man kaɗe shekara da shekaru, kuma sabuwa ba ta fara 'ya'ya sai ta shekara goma sha biyar ko fiye. Hare-haren 'yan bindiga a yankunan Danko da Wasagu da Sakaba a shekarun 2020 sun kuma tura jama'a cikin gari, bukatar itace ta ƙaru a kan gonaki da saurukan da ke kusa.

Duk da haka ƙasar tana da abin da Maraɗi ba ta da shi. Toho ya fi saurin girma inda ruwa ya fi yawa. Garin Zuru kasuwa ce ta kusa mai bukatar itacen girki da gofa da ƙotar fartanya da sandunan rumbu a kullum, kuma masu saye dubbai ne, ba masana'anta ɗaya ba. Mutanen da suka riƙe al'adar golmo, ta noman gayya na shekaru, ba a koya musu aikin haɗin gwiwa. Ga kuma Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, wadda za ta iya auna abin da kututturen taura ko marke ke bayarwa a shekara, domin a san adadin da za a sara ba a ci uwar kuɗi ba.

Kammalawa

Daga dokar 1916 zuwa yau an jarraba hanyoyi huɗu. Hanyar hani da tara ta sa manomi ya tumɓuke tsiro. Hanyar dasa daji don masana'anta ɗaya ta bar malaina a cunkushe. Hanyar kyauta ta tsaya ranar da abinci ya ƙare. Wadda ta ɗore ita ce ta gonakin Kano da Maraɗi, inda mai reno ya tabbata abin da ya rage nasa ne, kuma akwai mai saye a tafiyar jaki.

Abin da wannan ke nema daga ma'aikacin daji da na ƙaramar hukuma a fili yake. A rubuta ƙarara cewa icen da manomi ya rena a gonarsa nasa ne, yana iya yi masa aski da ragi ba tare da takarda ba. A sauƙaƙa haraji a kan ƙaramin itacen da ya fito daga reno, a nauyaya shi a kan gawayin kaɗanya da ɗorawa. A shata wa ƙauyuka dazuzzukansu tare da makiyaya, a bar musu kaso daga abin da aka karɓa. Ɗalibi kuma ya koyi ƙirga kututture kamar yadda yake ƙirga dashe, domin rahoton da ya tsaya ga yawan abin da aka dasa ranar bikin dashen itatuwa bai faɗi ko nawa suka kai baɗi ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manomin da ke bayan Rikoto zai jira kaɗanya shekara goma sha biyar idan damin sabara da kalgo yana biya masa kuɗin cefane a wannan mako.